Ciwon afendis: Yadda hoton ciki ke taimaka wa likita kafin a shiga tiyata

Ciwon afendis, wanda wasu ke kira tsakuwar ciki, kumburi ne da ke kama wani ɗan reshen hanji mai kama da ɗan yatsa a ƙasan ciki ta dama. Kusan mutum 7 zuwa 8 cikin 100 ne ke kamuwa da shi a tsawon rayuwarsu, kuma ya fi yawa tsakanin 'yan shekara 10 zuwa 30.

Me ya sa ake buƙatar hoto?

Ciwon kan fara ne daga cibiya ya gangara ƙasan dama, tare da tashin zuciya da rashin son abinci da zazzaɓi. Sai dai tsakuwar ƙoda, da cikin da ya zauna a wajen mahaifa, da ɓulewar hanji sakamakon taifod, duk suna iya zuwa da irin waɗannan alamomi. A nan likita yake tsaka mai wuya. Idan ya yi jinkiri, afendis ya fashe mugunya ta watsu a ciki, abin da kan iya kisa. Idan ya yi gaggawa, yana iya yanka wanda ba ya buƙata. Kafin yaɗuwar na'urorin hoto, kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na afendis ɗin da ake cirewa lafiyarsu ƙalau.

Likita kan fara da taɓa ciki da gwajin jini, wani lokaci ya haɗa da ma'aunin Alvarado na 1986 mai maki 10. Hoto ya fi amfani ga wanda sakamakonsa ya tsaya tsaka-tsaki.

Sikanin

Wannan shi ne hoton da ake yi wa masu juna biyu, kuma da sauti yake aiki. A 1986 likitan ƙasar Holan Julien Puylaert ya bayyana dabarar danna ciki sannu a hankali har afendis ya bayyana. Idan kaurinsa ya haura milimita 6 kuma bai lotsa ba, alama ce ta kumburi. Sikanin yana da araha kuma ba shi da illa, amma ingancinsa ya dogara ga ƙwarewar mai yi. Ƙiba da iskar hanji kan ɓoye afendis, don haka rashin ganinsa ba ya nufin babu ciwon.

Hoton CT

Na'urar CT tana ɗaukar ciki yanki-yanki, kuma tana gano ciwon a kusan kashi 95 cikin 100 na masu ɗauke da shi. Shi ya sa ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta fifita ta ga manya marasa juna biyu. Tana nuna ko afendis ya fashe, ko mugunya ta taru, ko kuma wata cuta ce daban. Illarta ita ce tsada da hasken radiyeshon, wanda a hoto ɗaya na ciki ya kai kimanin abin da jiki ke samu daga muhalli cikin shekara 3. Ga mai juna biyu ana farawa da sikanin, in bai gamsar ba a koma MRI, wanda babu radiyeshon a cikinsa. Hoton eksre kuwa bai cika amfani a nan ba.

Tiyata ko magani?

Hoto yana shafar wannan shawara ma. Binciken CODA da aka wallafa a Amurka a 2020 kan mutum 1,552 ya nuna cewa magungunan kashe ƙwayoyin cuta na iya maye gurbin tiyata ga wasu, duk da cewa kusan 3 cikin 10 sun koma tiyata cikin kwana 90. Adadin ya kai kusan 4 cikin 10 ga waɗanda hoto ya nuna taurarren bayan gida ya toshe musu afendis.

Halin da ake ciki a Najeriya

Na'urorin CT sun fi taruwa a asibitocin koyarwa da manyan cibiyoyi masu zaman kansu na birane. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin kula da lafiya a ƙasar daga aljihun jama'a yake fitowa, duk da dokar 2022 da ta wajabta inshorar lafiya. Saboda haka horar da masu sikanin a asibitocin ƙananan hukumomi da tabbatar da wutar lantarki batu ne na kasafin kuɗi da ya shafi rai.

Idan alamomi sun fito fili, likita na iya yin tiyata ba tare da jiran CT ba. Wanda ciwon ƙasan ciki ta dama ke ƙara masa tsanani cikin 'yan sa'o'i, ya garzaya asibiti, ya kuma guji maganin wankin ciki kafin likita ya duba shi.