Filasko

Filasko, wanda malaman ilmin tsirrai ke kira Senna italica tun da Philip Miller ya raɗa masa sunan a 1768, tsiro ne ɗan asalin busassun makiyayun Sahel, yana kuma daga cikin furannin dajin da ake gani a kwarin Tarka da fakon Damargu, tsakanin Tanut da Belbeji, a jihar Damagaram. Tsawonsa galiban bai wuce santimita 60 ba. Furensa rawaya ne mai jijiyoyi duhu-duhu, kwansonsa kuwa falale, a tanƙware kamar jinjirin wata. Da yake Allah Ya hore masa saiwa mai nutso ƙwarai, yakan jure fari, har a iske shi kore shar bayan ƙarangiya ta bushe.

Wanda ya yi nufin shuka shi, sai ya tara kwanson da ya nuna bayan kaka, ya adana irin a busasshen wuri. Sa'an nan, saboda taurin ɓawonsa, ya goga shi a kan dutse ko ya jiƙa shi cikin ruwan zafi ya kwana, kana ya binne shi sama-sama cikin jigawa idan damina ta kankama, domin ba ya son inda ruwa ke kwanciya.

Ganyensa mashahurin maganin wankin ciki ne, ɗan'uwan sanamaki da hukama'u suka ambata a littattafan ɗibbu. Amma yawaita shansa yana kawo murɗa da zawo.