Allurar wata uku da ƙibar da ke ƙin sauka: abin da bincike ya tabbatar

A cikin ƙorafe-ƙorafen da mata masu yin allurar tazarar haihuwa ke kaiwa asibiti, biyu ne ke kan gaba: rikicewar jinin al'ada da ƙaruwar ƙiba. Na farkon akan yi wa mace bayaninsa tun kafin a tsira mata allurar, ko da a gaggauce ne. Na biyun kuwa sau da yawa raha ake mayar da shi, a ce hutu ne ya karɓe ta, ko a ɗora wa tuwo laifi. Sai dai takardar bayanin da kamfani ke sakawa cikin kwalin maganin ba ta ɗauki batun da wasa ba, haka ma binciken da aka gudanar kan dubban mata a Afirka. Ƙibar gaskiya ce. Ba kowace mace take kamawa ba, amma wadda ta kama takan sha wuya kafin ta sauke ta.

Wace allura ake nufi

Alluran da aka fi samu a asibitocin Najeriya da Nijar iri uku ne, kuma dukkansu na ɗauke da sinadari mai kwaikwayon furojestaron, wato homon ɗin da jikin mace ke samarwa bayan fitar ƙwai da kuma lokacin goyon ciki. Akwai allurar wata uku, Depo-Provera, wadda likitoci ke taƙaita sunan sinadarinta da DMPA. Miligiram 150 ake zubawa cikin tsokar dantse ko ta ɗuwawu duk mako 13. Akwai ƙanwarta Sayana Press, sinadari ɗaya ne amma miligiram 104, a ƙarƙashin fata ake yin ta, kuma mace na iya koyon yi wa kanta a gida. Sai allurar wata biyu, Noristerat, mai wani sinadarin daban, miligiram 200 duk mako 8.

Aikinsu shi ne hana fitar ƙwai, tare da kaurara ruwan bakin mahaifa yadda maniyyi ba zai iya ratsawa ba. Kuma suna aiki ƙwarai: idan ana yin allurar a kan kari, matan da ke ɗaukar ciki a shekara ba su kai ɗaya cikin 100 ba. Ga sirri, ga sauƙi, ba a buƙatar tuna shan ƙwaya kullum, kuma mai shayarwa na iya yi. Shi ya sa Binciken Alƙaluma da Lafiya na Ƙasa na 2018, wanda ya nuna kashi 12 cikin 100 na matan aure a Najeriya ne ke amfani da hanyar zamani, ya sanya allura da robar hannu a sahun farko.

Kusan duk binciken da aka yi kan ƙiba, a kan DMPA aka yi shi.

Abin da sikeli ya nuna

Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince da Depo-Provera a matsayin maganin hana ɗaukar ciki a 1992. Takardar bayanin maganin ta fayyace cewa matan da aka gwada shi a kansu sun ƙara, a matsakaici, kusan kilo 2.5 bayan shekara ɗaya, kilo 3.7 bayan shekara biyu, fiye da kilo 6 bayan huɗu, da kilo 7.5 bayan shida. Wannan shaidar mai kaya ce da kansa.

Amma alƙaluman na da rauni guda. Mace 'yar shekara ashirin da wani abu takan ƙara nauyi a hankali ko da ba ta taɓa ganin allura ba, saboda shekaru, haihuwa da sauyin rayuwa. Kafin a ɗora wa allura laifi dole a kwatanta masu yin ta da waɗanda ba sa yi. Masana da suka tattara bincike 22 a bitar Cochrane ta 2016 sun ce a mafi yawansu matsakaicin ƙarin bai kai kilo 2 ba cikin wata shida zuwa shekara, kuma sun bayyana ingancin hujjojin a matsayin mai rauni. Masu cewa babu komai a batun da wannan bitar suke kafa hujja.

Hujjar da ta fi ƙarfi daga Afirka ta fito. Tsakanin 2015 da 2018 an gudanar da gwajin ECHO a Afirka ta Kudu, Kenya, Zambiya da Eswatini, kan mata fiye da 7,800. Ainihin manufarsa ita ce gano ko allurar na ƙara haɗarin kamuwa da cuta mai karya garkuwar jiki, kuma bai ga wani babban bambanci ta wannan fuska ba. Abin da ya ba gwajin daraja shi ne ba matan ne suka zaɓi hanyar da za su bi ba. Da yardarsu aka raba su kashi uku ta hanyar ƙuri'a: allurar wata uku, robar hannu, da robar mahaifa ta tagulla wadda ba ta da homon ko kaɗan. Da aka auna su a ƙarshen gwajin, masu allura sun ƙara kilo 3.5 a matsakaici, masu robar hannu kilo 2.4, masu robar mahaifa kilo 1.5. Kowane rukuni ya ƙara nauyi, ke nan masu cewa rayuwa ce kawai suna da 'yar gaskiya. Amma ratar kilo 2 da ke tsakanin masu allura da masu robar mahaifa ba ta da wani uba sai allurar.

Matsakaici kuma yana ɓoye abubuwa da yawa. Wata ba za ta ƙara ko rabin kilo ba, wata ma ramewa za ta yi, wata kuwa sai ta ƙara goma. Masu bincike a jami'ar Texas da ke Galveston, Abbey Berenson da Mahbubur Rahman, sun bi diddigin mata 703 har shekara uku, suka wallafa sakamakon a 2009. Masu allura sun ƙara kilo 5.1, kuma fiye da kilo 4 daga ciki kitse ne, ba ruwa ba kamar yadda ake yawan faɗa don kwantar wa mace hankali. A wani nazarin da ya biyo baya sun gano abin da ya fi komai amfani ga ma'aikacin lafiya: kimanin mace ɗaya cikin huɗu ta ƙara fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinta a wata shidan farko, kuma waɗannan su ne suka ci gaba da hauhawa fiye da sauran. Ga mace mai kilo 60, kashi 5 ɗin kilo 3 ne. Wato allura biyu kacal sun isa a gane wadda jikinta bai jitu da maganin ba, in dai an auna ta tun ranar farko.

Dalilin da ya sa take wuyar sauka

Abu na farko shi ne yanayin maganin kansa. Ƙwaya idan mace ta daina sha, cikin 'yan kwanaki ta fita daga jini. Allura ba haka take ba. Ajiya ce ake yi a tsoka, tana narkewa kaɗan-kaɗan, kuma takan ɗauki kwana 120 zuwa 200 kafin a daina ganin ɓurɓushinta a jini. Ba a zuƙo ta, babu kuma maganin da ke wanke ta, duk da abin da masu tallar “wankin mahaifa” ke faɗa. Wannan jinkirin ne ma ya sa dawowar haihuwa ke ɗaukar kimanin wata goma daga allurar ƙarshe a matsakaici, ko da yake ba ta haddasa rashin haihuwa na dindindin.

Na biyu, sinadarin ba furojestaron kaɗai yake kwaikwayo ba. Yana kuma taɓa wuraren da homon ɗin kotizol ke aiki a jiki, wanda shi ne dangin magunguna irin su dezametason da wasu ke sha da gangan don su yi ƙiba. Wani ɗan'uwan DMPA na kusa, mejestirol, likitoci na ba masu ciwon daji da suka rame don ya buɗe musu ciki. Saboda haka matar da ta ce tun da ta fara allura yunwa ba ta barin ta, ba zari ne ya same ta ba. Ƙari a kan haka, allurar na rage yawan homon ɗin istirojin, kuma ƙarancinsa na da alaƙa da taruwar kitse a ciki, wato teɓa.

Na uku kuwa ya shafi kowa, mai allura da mara allura: kitsen da ya riga ya zauna ba ya tashi don kawai abin da ya kawo shi ya tafi. A binciken Galveston, matan da suka bar allura suka koma hanyar da ba ta da homon sun rage ƙasa da rabin kilo a wata shida. Waɗanda suka koma shan ƙwaya ma ƙara kusan rabin kilo suka yi. Abin da ya hau a shekara uku ba zai sauka a wata uku ba.

A ƙasar Hausa akwai wani abin da ke ƙara cuɗa lissafin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai shayarwa ta fara allurar bayan mako shida da haihuwa, abin da ya yi daidai da fita arba'in. Mace ta fito daga jego da nauyin ciki da bai gama sauka ba, ga kunun kanwa, ga gasasshen nama, ga zaman ɗaki, sannan a ɗora allura a kai. Bayan shekara, ba ita ba, ba ma'aikaciyar jinya ba, babu mai iya rabe kason jego da na allura, sai fa in an rubuta nauyinta a kati tun farko. Kuma da yake a gidaje da yawa murjewar mace alama ce ta kwanciyar hankali da kulawar miji, yabo take sha a watannin da ya kamata a ce an lura. Sai an kai ga ciwon gwiwa, hawan jini ko suga kafin yabon ya koma damuwa.

Haƙƙin a faɗa mata

Tun 2011 gwamnatin tarayya ta ayyana kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocinta, kuma manufar raba ayyuka ta ba ma'aikatan lafiya na matakin farko damar yin allurar. Nijar na cikin ƙasashe huɗu na farko da aka fara shigar da Sayana Press daga 2014, tare da Burkina Faso, Senegal da Uganda, kuma wata yarjejeniya tsakanin kamfanin Pfizer da gidauniyoyi masu ba da tallafi ta sauko da farashinta zuwa dala ɗaya a wancan lokacin. Wannan ci gaba ne na gaske a yankin da mutuwar mata wajen haihuwa ke cikin mafi muni a duniya, kuma haihuwar kunika na cikin abubuwan da ke ƙara ta. Idan aka ɗora kilo biyu ko uku a gefe guda, aka ɗora cikin da ba a shirya masa ba a jikin da bai warware ba a ɗaya gefen, mata da yawa allurar za su zaɓa, kuma ba su yi kuskure ba.

Amma zaɓi sai da sani. Shirye-shiryen tazarar haihuwa da yawan matan da suka karɓa ake auna nasararsu, ba da yawan waɗanda aka zaunar aka yi wa cikakken bayani ba, kuma ma'aikaciyar da ke da dogon layi a gabanta tana da dalilin taƙaita magana. Wasu na tsoron cewa ambaton ƙiba zai kori mata. A Arewa wannan lissafin na da haɗari. Jama'ar da ba su manta gwajin Trovan na 1996 a Kano ba, waɗanda kuma suka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003 saboda jita-jitar hana haihuwa, ba sa yafe abin da aka ɓoye musu suka gano da kansu. Matar da aka ce mata allura ba ta sa ƙiba, ta kuma ga zannuwanta sun daina zagaye ta, za ta daina zuwa ba tare da sallama ba, ta kuma gaya wa maƙwabta.

Abin da ke hannun mai yin allurar

A nemi a auna nauyi kafin allurar farko, a rubuta, a sake aunawa duk zuwa. Idan a allura ta uku, wato bayan wata shida, ƙarin ya haura kashi 5 cikin 100, lokaci ne na tattauna sauya hanya da ma'aikacin lafiya. Komawa Sayana Press ba mafita ba ce, domin ƙarancin miligiram ɗinta bai hana a ga irin wannan ƙarin nauyi ba, kuma kwatancen da aka yi tsakanin allurar wata uku da ta wata biyu bai nuna bambancin a zo a gani ba. Robar mahaifa ta tagulla ita ce ba ta taɓa homon, ko da yake takan ƙara yawan jinin al'ada da ciwon mara.

Kada a bar allura haka kawai a zauna. Jinkirin dawowar haihuwa matsakaici ne, ba alkawari ba. Wata takan ɗauki ciki da wuri. Allurar wata uku na ba da rangwamen mako huɗu bayan ranar da aka sa, ta wata biyu kuma mako biyu, don haka sabuwar hanya ta fara aiki kafin wa'adin ya cika.

Ga wadda ta zaɓi ci gaba, allurar ba ta rufe ƙofar rage nauyi ba, ta dai ƙara wa aikin wuya. Lemon kwalba, shayi mai suga da yawa, soye-soye da cin dare su ne wuraren da ragi ya fi saurin nunawa, tare da tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako. Shayin rage ƙiba da ake tallatawa a TikTok da Instagram yawanci zawo da yawan fitsari yake sa wa, ruwa ne ke fita, kitsen na nan. Tsananta yunwa ma ba dabara ba ce, musamman ga mai shayarwa, ga kuma wani dalili: DMPA na rage kaurin ƙashi muddin ana yin ta, abin da ya sa hukumar Amurka ta ɗora mata gargaɗi na musamman a 2004, kuma jikin da ke cikin wannan hali na buƙatar madara, nono, ƙananan kifi, zogale da kuka.

Ƙiba ita kaɗai ba ta hana mace yin allurar a ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ba ta rage mata ƙarfi. Waɗanda aka ce su nemi wata hanya su ne masu hawan jinin da ya kai 160 bisa 100, masu ciwon sugan da ya taɓa ƙoda, ido ko jijiyoyi ko ya haura shekara 20, da waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya. Mai ciwon dajin mama kuwa ba a yi mata ita sam.