Dajin Gwamnati da Ɗan Ƙauye: Tarihin Makarantar Daji a Jihar Oregon ta Amurka



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda wata jiha ta Amurka ta yi ƙoƙarin sada yaran makaranta da dazuzzukan da doka ta ce mallakarsu ne, da kuma abin da ya sa ɗan ƙauye, wanda ya fi kowa kusa da dajin, ya fi kowa shan wuyar samun wannan dama.

Da farko ya kamata a san girman abin da ake magana a kai. Gwamnatin tarayyar Amurka tana riƙe da wajen eka miliyan 640, watau kimanin kashi 28 cikin ɗari na ƙasar, galibi a yamma, kuma da yawansa daga hannun 'yan asalin ƙasar aka karɓe shi. An keɓe gandun Yellowstone a 1872, aka kafa hukumar gandun daji a 1905, a zamanin Shugaba Theodore Roosevelt. A Jihar Oregon, wadda take arewa maso yamma, fiye da rabin ƙasar na gwamnatin tarayya ne.

Tun da yake ba a karɓar harajin fili a kan ƙasar tarayya, gundumomin da daji ya mamaye ba su da inda za su tara kuɗin shiga sosai. Saboda haka a 1908 aka yi doka cewa kashi 25 cikin ɗari na abin da gandun daji ya samar, musamman daga katako, a mayar wa gundumomi don makarantu da hanyoyi. Ashe ke nan tun farko daji ne yake ɗauke da makarantar ƙauye.

Amma ɗaukar nauyin makaranta dabam, ilmantar da yaro dabam. A 1957 wata malama mai suna Irene Hollenbeck ta kwashi 'yan firamare daga yankin Medford, a kudancin jihar, ta kai su daji suka yi kwanaki suna karatu a can. Wannan shi ne mafarin abin da ake kira makarantar daji. Tsarinta mai sauƙi ne. 'Yan aji biyar ko shida sukan bar gida tare da malaminsu, su zauna a sansani har kusan mako guda, suna nazarin abubuwa huɗu: ƙasa, da ruwa, da tsirrai, da dabbobi. Yaro yakan haƙa rami ya ga yadda ƙasa take hawa-hawa, ya ɗebi ruwan rafi ya auna, ya ƙirga zobban kututture ya san shekarun itace. A wurare da dama 'yan sakandare ne suke taimaka wa malamai wajen kula da ƙannensu. A 1966 makarantun yankin Portland, babban birnin kasuwancin jihar, suka rungumi tsarin, daga nan ya ƙara bunƙasa.

Shekarar 1990 ta zo da masifa biyu a haɗe. Ta farko, gwamnatin tarayya ta sa wata irin mujiya cikin jerin halittun da ake tsoron ƙarewarsu, abin da ya kai ga sabon tsarin kula da daji na 1994. Saran katako a gandun gwamnati ya ragu ƙwarai, masana'antu da yawa suka rufe, rabon gundumomi ya faɗi. Ta biyu, masu jefa ƙuri'a suka amince da ƙudurin da ya taƙaita harajin gidaje da filaye, wanda makarantu suka dogara a kansa. Da aljihu ya tsuke, makarantar daji tana cikin abubuwan da aka yi ta yankewa. Inda iyaye suke da hali suka ci gaba da tara kuɗi, inda babu aka haƙura. Kafin 2016 wajen rabin yaran jihar ne kaɗai suke zuwa. Yaron garin katako ya wayi gari ga daji a bayan gida, amma ubansa ba aiki, makarantarsa ba kuɗi. Ga ƙoshi, ga kwanan yunwa.

Abubuwa biyu da suka auku a 2016 sun nuna inda wannan hali yake iya kaiwa. A watan Janairu wasu mutane ɗauke da bindigogi, ƙarƙashin Ammon Bundy, suka mamaye ofishin gandun tsuntsaye na Malheur, a gabashin jihar, suna neman a ƙwace ƙasar daga hannun gwamnatin tarayya. Yawancinsu daga wasu jihohi suka zo, amma sun fake da ɓacin ran da ya daɗe a zukatan makiyaya da masu katako. Sun yi kwana 41, aka rasa rai ɗaya. A watan Nuwamba kuma wajen kashi biyu cikin uku na masu ƙuri'a suka amince da Ƙuduri na 99, wanda ya ware har dala miliyan 22 a shekara daga kuɗin cacar da jiha take gudanarwa, don kowane ɗan aji biyar ko shida ya sami makonsa a daji. Aka ɗora rabon kuɗin a kan sashen wayar da kai na Jami'ar Jihar Oregon, wanda ya saba aiki da manoma a karkara. Duk da haka ba a gama ba, domin a 2025 majalisar jihar ta zaftare wani kaso na kuɗin.

Abin lura ga ma'aikata shi ne, muddin aka bar irin wannan ilmi ga ƙarfin kowace gunduma, to mai ƙaramin ƙarfi ne zai fara rasa shi, ko da shi ne maƙwabcin dajin. Ga ɗalibai kuwa, doka tana iya rubuta cewa daji na kowa ne, amma yaron da bai taɓa shigarsa da izini ba, bai san jami'in gandu ba sai ranar kamu, da wuya ya ɗauke shi nasa. Gobe kuwa shi ne manomi, shi ne makiyayi, shi ne mai ƙuri'a, kuma a hannunsa dajin zai tsira ko ya ƙare.