Daga Baka zuwa Sirdi, daga Ƙasa zuwa Sama: Tarihin Sauya Runduna a Tsakiyar Aiki

Sojan da ya shekara goma a runduna ɗaya ya tara abubuwa da dama da ba a rubuta su a takardar albashi. Ya san makaminsa, ya san halin na gaba da shi, abokan aikinsa kuma sun san inda za su same shi ranar da wuta ta yi wuta. In aka buɗe masa ƙofar wata runduna, ko dai don ƙasa tana bukata ko don shi yana hangen ci gaba, to da yawa daga cikin wannan jari ba ya bin sa. Wannan shawara ta girmi kaki da bariki. Mayaƙan ƙasar Gwandu, wadda Jega da Aliero da Maiyama suke cikinta, sun fuskance ta tun farkon ƙarni na 19, kuma abin da ya same su yana da amfani ga mai auna irinta a yau.

A ƙarshen shekarar 1803 dakarun Gobir suka far wa Gimbana, garin Malam Abdussalami da ke yankin Jega ta yanzu. Wannan hari yana cikin abubuwan da suka kai ga hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Da aka haɗu a Tafkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da barade da 'yan lifidi, jama'ar Shehu kuwa, ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, dawakinsu ba su wuce kamar ashirin ba. Ƙarfinsu yana hannun 'yan baka masu tafiya a ƙasa, kuma da su aka yi nasara.

Nasarar ta kawo ganimar dawaki, daular da aka kafa kuma ta yi faɗin da ƙafa ba za ta iya tsare ta ba. Bayan faɗuwar Birnin Kabi a 1805 da Alƙalawa a 1808, sannu a hankali rundunonin Sakkwato da Gwandu suka koma dogaro da doki, kamar sarakunan da suka kayar. A zamanin da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa Jega, bayan rasuwar mahaifinsa a 1818, girma a fagen fama ya riga ya koma kan sirdi.

Ɗan bakan da ya samu doki a tsakiyar rayuwarsa yana da abin aunawa. Ta fuskar riba, barde ya fi dakare rabon ganima, ya fi shi kusa da sarki, kuma ta hanyarsa ake kaiwa ga sarauta. Ta fuskar asara, gwanintar harbi da ya shekara yana tarawa ba ta da wani amfani a kan doki, domin makamin mahayi mashi ne da takobi. Dole ya koyi sarrafa linzami a cikin ƙura da ihu, tare da yaran da aka haifa a gidan dawaki. Akwai kuma wani abu da ya fi wannan nauyi. Baka da kwari mallakar mai su ne, a daji yake saro su, shi yake haɗa dafinsa. Doki kuwa, da lifidi da sulke da kwalkwali, galibi kyautar ubangida ne, ga kuma dawa da ciyawa da mai kula da shi. Wanda ya hau ya ɗaukaka, amma ya shiga hannun wanda ya ɗora shi.

Ƙin sauyawa ma yana da nasa farashi. A ƙarshen ƙarnin bindiga ta yawaita a ƙasar Hausa, sai dai manyan mayaƙa ba su ga dalilin sauka daga doki su riƙe ta ba, aka bar ta galibi a hannun bayin sarki. Ranar 15 ga Maris 1903, a filin Giginya da ke bakin Sakkwato, jarumtar mahaya ta haɗu da igwa da bindiga mai ruwa, kuma ba a daɗe ba aka tashi. Ba ƙarancin zuciya ne ya kayar da su ba. Kiɗa ne ya sauya, rawa ta tsaya inda take.

Turawan da suka ci ƙasar su ma sun gwada haɗa doki da bindiga a jikin mutum ɗaya. Suka kafa sojan doki, wato sojan ƙasa da ake koya wa hawa don ya yi sauri, in an isa fage ya sauka ya ja sahu mai kusurwa huɗu ya yi harbi. A Kwatarkwashi, a watan Fabrairu na 1903, dabarar ta yi aiki: 'yan sojoji kamar arba'in da biyar ƙarƙashin Laftanar Wallace Wright suka tsaya wa barade masu yawa na Wazirin Kano Ahmadu. Bayan shekara uku, ranar 14 ga Fabrairu 1906, irin wannan runduna ta doshi ƙauyen Satiru a kudancin Sakkwato. Talakawa masu gatari da fartanya suka auka mata kafin sahu ya daidaita, dawaki suka firgita suka hargitsa masu riƙe da su. Aka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin, aka ƙwace bindiga mai ruwa. Ramuwar da ta biyo baya a watan Maris ta shafe ƙauyen gaba ɗaya, girgizar kuma ta iso har ƙasar Gwandu, inda aka tuɓe Sarki Muhammadu a wannan shekara. Abin lura ga mai nazarin aikin soja shi ne, mutumin da yake tsakanin sana'a biyu yana da wani ɗan lokaci da bai zama mahayi ba, bai kuma zama dakare ba, kuma a wannan lokacin ne ya fi saukin kamu.

Misali mafi kusa da zamaninmu ya zo bayan samun 'yancin kai. An kafa rundunar sojan saman Nijeriya da doka a 1964, lokacin Muhammadu Ribaɗu yana ministan tsaro, da taimakon Jamus ta Yamma. Shugabanninta biyu na farko, Gerhard Kahtz da Wolfgang Thimmig, Jamusawa ne. An tura samari ƙasashen waje, har da Habasha, su koyo tuƙin jirgi, amma matuƙi sabon yaye ba zai iya riƙe runduna ba. Saboda haka aka ɗebo hafsoshi daga sojan ƙasa. Uku daga cikinsu suka shugabanci rundunar a jere: George Kurubo daga 1966, Shittu Alao daga 1967, sai Emmanuel Ikwue daga 1969 zuwa 1975. Har muƙamansu irin na sojan ƙasa ne, Kanar da Birgediya.

Waɗannan mutane sun bar rundunar da take da tarihi da yawan jama'a da iko, suka shiga wadda ba ta da isassun jirage ko matuƙa, har ta kai a lokacin yaƙin basasa Misirawa ne suke tuƙa wasu jiragenta na yaƙi. Sun samu shugabancin da wataƙila da sun daɗe suna jiransa a tsohon gidansu. Sun kuma kawo abin da sabuwar rundunar ba ta da shi, wato sanin horo da tsarin bariki da yadda ake ciyar da mayaƙa a kai musu kayan aiki. Shittu Alao bai tsaya a ofis ba, ya koyi tuƙi yana babba, yana hawa jirgi da kansa. Ranar 15 ga Oktoba 1969 jirginsa ya faɗi a Uzebba, ya rasu yana kan muƙaminsa. A 1975 shugabanci ya koma hannun John Yisa-Doko, ɗaya daga cikin samarin nan da aka tura Habasha. Aikin waɗanda aka aro ya ƙare ke nan, domin gidan ya haifi nasa.

In aka jera waɗannan misalai, za a ga sauyin ya fi yin albarka a inda sabuwar rundunar take da gurbin da ilimin baƙon zai cike, kamar yadda ya kasance a 1964. Ya fi yin haɗari a inda aka ɗauka cewa tsohuwar gwaninta za ta wadatar ba tare da sabon horo mai zurfi ba. Kuma a kowane zamani mai sauyawa yana biya da wani abu nasa: ɗan baka ya biya da 'yancin kansa, hafsan zamani yana iya biya da matsayinsa a jerin ƙarin girma, da kuma zama ɗalibi a gaban waɗanda ya girma. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi, amma ba kowane mai gemu ne yake jure zaman ɗalibta ba.

A yau Makarantar Horon Hafsoshi ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1964, tana yaye hafsoshin ƙasa da na ruwa da na sama, kowace runduna kuma tana da 'ya'yanta da ta raina tun daga tushe. Bukatar aro ta ragu, amma dalilin da ya haife ta yana nan. Yaƙin da ake yi da 'yan bindiga a dazuzzukan Zamfara da Sakkwato da Kabi yana neman wanda yake sama ya fahimci abin da na ƙasa yake gani, ya iya bambanta ayarin mahara da na masu zuwa cin kasuwa, domin kuskure ɗaya rayukan talakawa ne. Matashin Jega ko Aliero ko Maiyama da ya kai tsakiyar aikinsa yana duban wata runduna, ya kamata ya tambayi kansa abin da zai kai mata wanda ba ta da shi, da kuma shekarun da zai iya bayarwa kafin ta amince masa da ran mutanenta.