Daga surutu zuwa shiru, daga shiru zuwa doka

Tun da Stuart Feldman ya rubuta make, kayan aikin gina manhajoji, a Bell Labs a 1976, ya ɗora shi a kan ɗabi'a guda: kafin ya zartar da kowane umarni, sai ya fara rubuta shi a allo baki ɗaya. A lokacin babu wanda abin ya dama, don umarnin gajeru ne. Da manhajoji suka ƙasaita, aka shigo da libtool da tulin zaɓuɓɓuka, sai umarnin harhaɗa fayil ɗaya tak ya riƙa cin layi biyar ko shida. Gargaɗin da mai harhaɗawa GCC zai yi maka a tsakiyar wannan hayaniyar ya zama allura cikin ruwa, sai mai rabo.

Mutanen Linus Torvalds na cikin waɗanda suka fara ƙosawa. A Linux 2.6, wanda ya fito a Disamban 2003, abin da za ka gani ga kowane fayil shi ne CC da sunansa, shi ke nan; mai son ganin komai ya ƙara V=1. Kowa ya yaba. Automake 1.11 ya kawo irin wannan shirun a 2009, CMake kuwa dama da bakinsa a rufe ya zo, sai ka ce masa VERBOSE=1. Ninja, da Evan Martin ya ƙera saboda ginin Chrome, layi ɗaya ma yake ta sharewa yana sake rubutawa.

Ga mai rubuta manhaja wannan daidai ne. Yana zaune gaban allonsa, in abu ya lalace ya maimaita da V=1, minti biyu an gama. Amma mai shirya ƙunshi wa Debian ba ya wurin da ake ginin. Yana miƙa aikinsa ne, wasu injina su gina shi wa arm64 da s390x da sauransu, na'urorin da wataƙila bai taɓa sa su a ido ba. In ginin ya rushe da tsakar dare, babu abin da zai samu da safe sai rahoton da injin ya bari. Rahoton da ya ce CC kaza kawai, shaida ne da ya je wurin amma ya kau da kai.

Sai kuma maganar tsaro ta shigo, kuma a ganina ita ce ta yanke hukunci. Gabanin fitowar Debian 7 a 2013, an ƙuduri gina ƙunsoshi da zaɓuɓɓukan kariya irin su -D_FORTIFY_SOURCE=2, waɗanda dpkg-buildflags ke rarrabawa. To, ta yaya za a san manhaja ta karɓe su, ba ta zubar da su a hanya ba? Simon Ruderich ya rubuta blhc, wadda ke bin rahoton layi layi tana duba kowane umarnin harhaɗawa. Mai karatun yanzu ba mutum ba ne, ba ya gajiya da tsawon layi. In blhc ta tarar an ɓoye umarnin, iyakarta ta kai ƙara cewa ba ta ga abin dubawa ba.

Gentoo ta riga ta ɗau mataki a 2012, inda tsarin ƙunsoshinta na EAPI 5 ya sa umarnin econf ya riƙa miƙa --disable-silent-rules da kansa. Debian, kamar yadda ta saba, sai da ta ɗau lokaci. A Agustan 2018 kundin dokokinta mai lamba 4.2.0 ya nemi gini ya bayyana duk abin da yake yi gwargwadon hali. Wanda surutun ya isa an bar masa ƙofa: ya sa kalmar terse a DEB_BUILD_OPTIONS, ginin ya rage baki a kwamfutarsa.