Daga Karkara Zuwa Gefen Birni: Tarihin Ƙasa da Muhalli a Garun Malam

1.0 Gabatarwa

A da can Bahaushe ya raba mazaunin jama'a kashi uku, wato birni da karkara da daji. Birni shi ne abin da ganuwa ta kewaye, karkara kuwa ita ce ƙasar noma mai ƙauyuka da unguwanni wadda ke ciyar da birnin, daji kuma shi ne inda garma ba ta kai ba. A zamanin nan wani kashi na huɗu ya ɓullo, wanda har yanzu harshen bai tsai da masa suna guda ba. Wasu su ce bayan gari, wasu su ce gefen gari, wasu kuma sabuwar unguwa. Wannan maƙala za ta dubi tarihin irin wannan mazauni a kudancin Kano, a kan hanyar Zariya, musamman ƙasar Garun Malam da maƙwabtanta Kura da Bunkure. Abin da za a nuna shi ne, a sauran sassan Kano birni ne ya je ya ɗaga darajar gona, amma a nan ruwa ya riga birni zuwa. Wannan bambanci shi ke yanke hukunci kan abin da mai neman gida da iyalinsa za su tarar.

2.0 Yadda Kano Ta Fita Waje

Kafin zuwan Turawa a 1903, in an ɗebe Fagge, wadda tsohon zango ne na fatake, jama'ar Kano cikin ganuwa suke. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari wajen 1913 domin baƙi 'yan kudu, Turawa suka zauna a Nasarawa, sa'an nan Tudun Wada da Gwagwarwa suka biyo baya. Duk waɗannan Kanawa suka haɗa su da kalma guda, suka ce Waje. Wato a lokacin mazaunin bayan ganuwa na baƙo ne, ɗan gari ba ya sha'awarsa.

Abin ya sake bayan da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. Ma'aikata suka yawaita, masana'antu suka buɗe a Bompai da Sharaɗa da Challawa, gwamnati ta gina rukunonin gidaje irin su Kundila. Ƙidayar 1963 ba ta ba birnin mutum 300,000 ba, amma a ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye sun tasam ma miliyan 3. Misali guda ya isa ya nuna abin da wannan ya yi wa karkara. A farkon shekarun 1970 Polly Hill ta yi bincike a Ɗorayi, ta same ta ƙasar manoma ce mai manyan gidajen gandu, inda ake ɗauko taki daga birni a kan jakuna. Yau Ɗorayi unguwa ce cikin unguwannin Kano, kuma jikokin waɗancan manoma da yawansu ba su da ko taƙi ɗaya na gona. Haka aka yi a kan hanyar Zariya, daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Unguwa Uku da Na'ibawa, har gini ya doshi Tamburawa. Tsakanin 2011 da 2015 gwamnatin jiha ta gina rukunin gidajen Kwankwasiyya a kan wannan hanya. Daga Tamburawa, in an haye kogi, sai Kura, sai ƙasar Garun Malam.

3.0 Ƙasar Kafin Zuwan Ruwa

Garun Malam ba ta zama ƙaramar hukuma mai cin gashin kanta ba sai a 1996, lokacin da aka cire ta daga Kura. Cikin garuruwanta akwai Ciromawa da Kadawa da Ɗorawar Sallau da Yadaƙwari da Garun Babba. Sunayen da suka fara da garu suna tuna mana da zamanin da tsaro ya sa mutane suke dunƙulewa cikin katanga, su fita gona da safe su komo da yamma.

Tattalin arzikin yankin a wancan zamani noman damina ne, gero da dawa da wake da gyaɗa da auduga, tare da ɗan lambu a fadamu inda ake ban ruwa da jigo. Kura kuwa ta shahara da rini da bugu, har turkuɗinta yana kai wa ga Buzaye da sauran mazauna Sahara. Da kaka ta wuce, samari sukan tafi cirani birni. Hanyoyin samun gona su ne gado da kyauta da aro da jingina da saye, kuma mai unguwa da dagaci su ne shaidu. Gida ba haja ba ne. In ɗa ya yi aure, a yanka masa sashe a gidan uban. In gida ya cika, a roƙi dagaci fili a bakin gari. Ko da yake dokar Turawa ta 1910 da ta Jihar Arewa ta 1962 sun ce ƙasa tana hannun hukuma, manomi bai ga wani canji a gonarsa ba.

4.0 Zuwan Ruwa

Canjin ya zo ne a zamanin mulkin Gwamna Audu Baƙo, 1967 zuwa 1975. Aka fara gina madatsar Bagauda, wadda ta ba da ruwan gonar gwaji a Kadawa, sa'an nan aka gina babbar madatsar Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Sahel. Kashi na farko na shirin an tsara shi ne ya shayar da hekta 22,000 a ƙasashen Kura da Garun Malam da Bunkure, ruwa yana gangarowa da kansa ta babbar hanyar ruwa zuwa ƙanana ba tare da inji ba. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta.

Abin lura a nan shi ne yadda aka yi da ƙasa. Dubban mutanen da tafkin Tiga ya cinye garuruwansu an tashe su. Amma a yankin ban ruwa ba a ƙwace gonaki dungum ba: an karɓe su, aka baje, aka ja hanyoyin ruwa, aka mayar wa masu su bayan an cire wani kaso. Wannan ya sa ba a ga irin tarzomar da aka yi a Bakolori ta Jihar Sakkwato a 1980 ba. Sai dai manomi ya karɓi gonar da ba irin wadda ya bayar ba. Noman rani yana bukatar kuɗin ruwa da takin zamani da tan-tan da ƙwadago, wanda ba shi da jari kuwa sai ya ba da gonar haya ga 'yan kasuwa da ma'aikata daga birni. Binciken da Tina Wallace ta yi a ƙarshen shekarun 1970 ya jawo hankali ga wannan matsala. Wato Bakano ya fara shigowa Kadawa ne da neman gona, tun bai fara neman gida ba.

Gwamnati alkama ta so a noma, musamman bayan hana shigo da ita a 1987, amma manoma suka fi karkata ga tumatir da rani da shinkafa da damina. Daga nan kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ta bunƙasa, manyan motoci suna lodi zuwa Legas, Kura kuma ta cika da injinan casar shinkafa, mata suna turarawa a cikin gidaje. Cirani ma ya juya: maimakon samari su tafi birni, sai baƙi suke zuwa ƙwadago daga wasu ƙasashe. Waɗannan baƙi su ne suka fara kawo al'adar hayar ɗaki da sayen fili a garuruwan bakin titi.

5.0 Mai Neman Gida a Yau

Wanda tsadar fili ta kora daga Na'ibawa ko Hotoro, in ya duba kudu zai ga abubuwan sha'awa. Akwai tagwayen titi zuwa birni, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana kan hanyar, abinci yana da sauƙi, ruwan rijiya ba ya nisa, sana'a ba ta yankewa rani da damina. Amma ƙasar da zai saya tana ƙarƙashin iko uku ne da suka hau kan juna. Na farko, ikon gargajiya da na shari'ar Musulunci: yawancin gonaki na gado ne, kuma ciniki ba ya inganta sai duk magada, maza da mata, sun yarda. Na biyu, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta ɗora ƙasar birni a hannun gwamna, ta karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin zama a kanta. Na uku, ikon hukumar koguna kan hanyoyin ruwa da filayen da aka tsara domin ban ruwa.

Kanawa suna da kalmomi biyu da suka taƙaita wannan tarihi, wato awon gwamnati da awon igiya. Na farko fuloti ne da hukumar tsara birane ta yanka, da titi da magudana da wurin makaranta da takardar shaida. Na biyu gona ce da mai ita ko dillali ya auna da igiya ya yayyanka, shaidarta takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa. Awon igiya ya fi araha, shi ne kuma ya ba talaka muhalli a Kano fiye da duk rukunonin gidajen gwamnati. Amma unguwar da ta tashi a kansa takan rasa lungun da mota za ta shiga, ta rasa filin makaranta da maƙabarta. A ƙasa mai danshi kamar wannan, rashin magudana ya fi muni, domin ginin ƙasa ba ya jure jiƙa daga tushe. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ga iyali kuwa, ruwan da ya kawo arziki ya zo da nasa haraji. Sauro ba ya ɗaukewa da rani, saboda haka zazzaɓi ba shi da lokaci. Tsargiya ta daɗe da zama sananniyar cuta tsakanin yaran da ke wanka a hanyoyin ruwa. Lokacin tsinkar tumatir da dashen shinkafa, kuɗin ƙwadago yakan ja yaro daga aji. Arzikin kansa yana hawa da sauka: a 2016, shekarar da kamfanin Ɗangote ya buɗe masana'antar tumatir a Kadawa, wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir a faɗin jihar, rufe iyakokin ƙasa a 2019 kuwa ya ɗaga farashin shinkafa, da shi da kuɗin hayar gona.

6.0 Kammalawa

Manomin Ɗorayi ya sayar da gonar da ke ba shi amfani sau ɗaya a shekara, kuɗin fuloti kuwa ya fi abin da za ta ba shi cikin shekaru masu yawa. Manomin Kadawa gonarsa tana ba shi sau biyu, wani lokaci sau uku, saboda haka ba ya gaggawar rabuwa da ita. Wannan ne ya sa gini ya fi bin tudu da bakin titi, ya bar filayen ruwa. To amma gado yana ƙara tsattsaga gonaki, kuma ɗan da rabonsa bai kai ya ci da shi ba, dillali yana jiransa. Tudun da ake sayarwa kuma shi ne inda ake shuka gero da dawa, inda dabbobi ke kiwo, inda 'ya'yan garin za su gina nasu gidaje in sun yi aure. Idan ba a shata iyaka tsakanin ƙasar gini da ƙasar noma tun yanzu ba, aka ware wa garuruwan wurin faɗaɗa, to dukiyar da aka zuba a Tiga domin ciyar da jama'a za ta ƙare a ƙarƙashin bulo da siminti, mai sayen gida kuma ya tarar abin da ya kawo shi ya tafi.