Bargar McQuay: Gidan da Ingarmu Biyu Suka Gina

Tioga ƙaramin gari ne a arewacin jihar Teksas ta Amurka, a yankin da ƙasarsa ke da yashi-yashi mai daɗin taku ga kofato, abin da ya sa masu dawaki suka yi wa wurin tsinke. A nan Tim McQuay da matarsa Colleen suka kafa turakunsu a 1989, bayan sun taso daga jihar Minesota, inda sanyi da ƙanƙara ke hana doki kilisa watanni da dama a shekara. Sun zo da 'yarsu Mandy, sun kuma zo da wani ingarma mai suna Hollywood Dun It, wanda a bayansa aka ɗora duk abin da gidan ya zama.

Sana'ar gidan ita ce wasan da Amurkawa ke kira reining, wato gwanintar sarrafa doki da linzami. Asalinsa aikin makiyayan shanu ne na yammacin Amurka da Meksiko, waɗanda ke buƙatar dokin da zai zabura, ya tsaya cak, ya juya nan take, alhali hannu ɗaya ne kawai a kan linzami, ɗayan yana riƙe da igiya. A fagen gasa mahayi shi kaɗai yake shiga, ya bi tsarin da aka shata masa: manyan da'irori da gudu, ƙanana a hankali, jujjuyawa a wuri guda kamar ƙafar baya a kafe take, ja da baya, sai kuma zamiya, inda doki zai taho a sukwane ya durƙusar da ƙugunsa, ƙafafun baya su yi ta jan ƙasa har ya tsaya. Duk wanda ya taɓa ganin mahaya sun ja zamiya a gaban sarki ranar hawan Sallah ya san irin abin, sai dai a wasan reining ana sa wa ƙafafun baya takalman ƙarfe masu santsi don tsawaita jan. Kowane mahayi yana farawa da maki 70, alƙalai su ƙara ko su rage har zuwa maki ɗaya da rabi a kan kowane motsi. Abin da suke nema shi ne dokin da ke bin umarni da yardar ransa, ba buɗe baki, ba kaɗa wutsiya don fushi. Ƙungiyar da ke kula da wasan, NRHA, an kafa ta a jihar Ohayo a 1966, kuma babbar gasarta ta dawaki 'yan shekara uku ta koma birnin Oklahoma a 1986.

A wannan shekarar ce Tim ya hau Dun It, ɗan shekara uku, suka zo na biyu a babbar gasar. A lokacin dokin ba nasa ba ne, horarwa kawai aka ba shi. Shekarar da ta biyo suka ci gasar Derby ta ƙungiyar, kuma a 1987 ɗin Tim da Colleen suka saye shi. Ga matasan da ke ci daga kuɗin horar da dawakin wasu, wannan kasada ce babba, domin ingarma dukiya ce mai numfashi, ciwon ciki na dare ɗaya kan iya tafiya da ita.

Abin da Dun It ya ci da ƙafarsa a fage bai wuce dala dubu 65 da 'yan kai ba. Darajarsa a wurin barbara ta fito. 'Ya'yansa sukan gado kyan ƙirarsa da ƙarfin ƙugunsa, amma abin da ya fi jan hankalin masu saye shi ne halinsa, doki ne mai sanyin kai da son aiki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wasan da yawancin masu zuba kuɗi a cikinsa ba ƙwararru ba ne, likitoci ne da 'yan kasuwa da matan gida masu hawa a ƙarshen mako, waɗanda ke buƙatar dokin da zai yafe musu kuskure. Goɗiyoyi suka riƙa zuwa Tioga daga ko'ina, kuma abin da zuriyarsa ta lashe a gasanni ya haura dala miliyan 6. A shekarar 2000 aka sanya doki da mahayinsa cikin jerin gwarazan ƙungiyar. Tim kuwa ya ci babbar gasar sau biyu, a 1988 da 2001.

Ba a cika ba Colleen haƙƙinta a wannan labari ba, kuma ina ganin rashin adalci ne. Ita gwanar tsallaken shinge ce, wani fanni dabam na hawan doki, kuma ta riƙe wannan ɓangare a bargar. Tana cikin waɗanda suka assasa gasar masu kiwo ta NRBC a ƙarshen shekarun 1990, gasar da ta sa mai ingarma da mai goɗiya suka ga amfanin rajistar 'ya'yan dawakinsu tun suna ƙanana.

A watan Maris na 2005 Dun It ya mutu yana da shekara 22, bayan fama da ciwon daji. Ga mutanen da suka shafe kusan shekara ashirin suna wayar gari da haniniyarsa, rashi ne na ɗan gida. Bargogi da yawa a nan labarinsu ke ƙarewa, in ingarman ya tafi sai a watse. Su kuwa a cikin shekarar suka sayo wani, Colonels Smoking Gun, wanda kowa ya sani da Gunner. Doki ne ja mai farar fuska fat da kunnuwa masu langaɓewa, kuma kurma ne, ba ya jin kira ba ya jin shewar 'yan kallo. Yawan farin jikinsa ya sa ƙungiyar dawakin Quarter Horse ta daɗe ba ta yi masa rajista ba, sai da ta sauya dokarta. Hikimar sayen a fili take: bargar da maƙwabtanta cike suke da 'ya'yan Dun It mata, suna buƙatar ingarman da ba jininsu ba. Haɗin ya karɓi juna.

Shekara biyar bayan mutuwar Dun It aka yi gasar dawaki ta duniya a birnin Lexington na jihar Kentaki, a 2010. Cikin mahaya huɗu da suka ciyo wa Amurka zinariya, biyu 'yan gida ɗaya ne. Tim, wanda tuni furfura ta kama shi, ya shiga fage a kan Hollywoodstinseltown, ɗan Dun It na cikinsa. Surukinsa Tom McCutcheon, mijin Mandy, ya hau Gunners Special Nite, ɗan Gunner, har ya ƙara da zinariyar ɗaiɗaiku. A ganina ba a taɓa karrama mataccen doki da abin da ya kai wannan ba: mutumin da ya hore shi yana ɗan shekara uku ya ɗauki ɗansa ya kai shi gaban duniya, ya nuna cewa zamiyar nan tana nan a jini.

Gunner ma ya tafi a 2013, ciwon kofato ya kayar da shi yana da shekara 20, kuma abin da 'ya'yansa suka ci ya zarce dala miliyan 10. Shekara guda bayan haka Mandy, wadda ke hawa a rukunin waɗanda ba sana'arsu ba ce, ta shiga tawagar Amurka a gasar duniya ta Normandi a Faransa, ta dawo da zinariyar tawaga da tagullar ɗaiɗaiku.

Sai jika. A 2018, a Tryon ta jihar Karolina ta Arewa, Cade McCutcheon, ɗan Tom da Mandy, yana da shekara 18 ya wakilci Amurka a kan Custom Made Gun, dokin kakanninsa. Uban dokin Gunner ne, uwarsa kuma 'yar Dun It ce, wato ingarmun nan biyu da suka riga mu gidan gaskiya sun haɗu a ƙarƙashin sirdi ɗaya. Tawagar ta ci zinariya, shi kuma ya samu tagulla bayan an sake karawa tsakaninsa da wani mahayi ɗan Brazil da suka yi kunnen doki. A 2019 ya ci babbar gasar 'yan shekara uku a Oklahoma, wadda kakansa da Dun It suka zo na biyu a cikinta shekara 33 da suka wuce.

Gasar Tryon ita ce babbar gasar dawaki ta duniya ta ƙarshe da aka yi wasan linzami a cikinta, domin a 2021 hukumar wasannin dawaki ta duniya ta cire shi daga jerin wasanninta. Kafin a rufe wannan babi, kaka da 'ya da suruki da jika na gidan McQuay duk sun rataya zinariyar duniya a wuyansu.